A Bar Ta

Zuwa ga taubashina Mai Walda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na wajen ginin madatsar ruwa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke yi mini tsiya duk ranar da na daɗe a kan keken ɗinki. 'Yarka Kwalba tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta kusa kamo ni a tsawo. Ƙarya take yi, ta wuce ni tuni.

Da a ce waya na shiga wannan ramin duwatsu da kuka tare a ciki, na san da ka ce in taƙaita. To ba ta shiga, sai ka gyara zama.

Ƙarshen zangon nan makarantarsu za ta raba su gida biyu, masu kimiyya da masu kasuwanci. An tara mu iyaye a ɗakin taro, a kan kujerun yara, ni da wannan gwiwa. Malamin da ke ba su shawara ya yi bayani, na kuma kasa kunne sosai don in kawo maka shi yadda yake. Ya ce wanda ya riƙe kimiyya, ranar da zai nemi jami'a zaɓi yana hannunsa: harhaɗa magunguna, injiniya, aikin asibiti, kai ko lissafin kuɗi ya ga dama zai iya tsallakawa. Amma wanda ya saki kimiyya yanzu ya sake ta ke nan, ba a dawowa daga baya a ce an yi mantuwa.

Kai ma ka san abin da 'yarka ke so. Matsalar lissafi ce. A darasin sinadarai babu mai kama ƙafarta, amma lissafi yana ba ta wuya, kuma an ce kimiyya ba ta tafiya sai da shi. Ta rame, Mai Walda. Teburin da nake yanka a kai ya koma nata, in zan shimfiɗa yadi sai na ture littattafai. Abinci kuwa sai na tsaya a kanta. Tun ranar da mahaifiyarta ta rasu ka miƙo mini ita ka tafi neman abin da za a riƙe ta da shi, ban taɓa ganin ƙashin wuyanta ya fito haka ba.

Na ce mata kasuwanci ma karatu ne, ga shi muna da shago. Sai ta yi mini irin kallon nan naka na raina wayon mutane. Taurin kan nan daga wajen babanka kuka ɗebo shi, mu danginmu ba mu san shi ba.

Har ta sa na sayo farin yadi na yanka mata rigar ɗakin gwaje-gwaje, tun ba a ce ta shiga ba. Na ɗinke ta, saura maɓallai. Da gangan na ƙi sa su, sai na ga inda maganar ta kwana.

Ka rubuto mini ra'ayinka. 'Yarka ce, ni riƙo nake yi, ko da yake zuciyata ba ta san bambancin ba.

Taubashiyarka,
Gwaggon Kwalba

*

Zuwa ga Uwar Faɗa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso a cikin motar kayan abinci, a ƙarƙashin buhun albasa, shi ya sa na karanta ta ina hawaye. Kada ki ɗauka kewarki ce.

Lafiyata ƙalau. Idanu ne kawai ke yi mini kamar an watsa yashi in na tashi aiki, wannan kuwa duk mai walda da shi yake kwana. Gwiwarki Allah ya ba ta lafiya, ya kuma rage mata kayan da take ɗauka.

Kin san sunan Kwalba, amma ba na jin kin san asalinsa duka. Lokacin jinyar mahaifiyarta, duk kwalbar maganin da ta ƙare sai yarinyar nan ta ɗauke ta wanke. Ta jiƙa jar takarda a wannan, ta matse ganye a waccan, ta jera su a taga rana na ratsa su. Ta ce ita ma magani take haɗawa, nata ne zai yi aiki. Mahaifiyarta ce ta fara kiran ta da sunan, tana dariya tana tari.

Wata rana kuma ta biyo ni rumfar aikina. Na ɗora mata gilashin walda, na sa guntun wayar tagulla a harshen wuta, wutar ta koma kore. Ta ce, "Baba, wa ya zuba mata kore?" Na ce haka Allah ya yi ta. Ta ce ta sani, amma ta yaya? Shekara da shekaru ina ganin wannan wutar ban taɓa tambaya ba. Ran nan na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Akwai wata injiniya a nan, mace, da hular kwano. In ta ɗaga hannu duk sansanin nan tsayawa yake yi. Duk sanda ta wuce sai in ga 'yata. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta maganar lissafi, ta yi dariya ta ce ita ma ya taɓa kayar da ita, da naci ta tashi.

Duk da haka ba zan yanke hukunci daga nan ba. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ke ke ganinta safe da yamma. Abin da nake roƙo ki rage wuta, don na san ki, in kika so mutum har sai ya gudu. Ki sa ido a kan cin abincinta.

Damina ta kankama, hanyar dutsen nan tana yankewa. In kika ji shiru, hanya ce, ba ni ba ne.

Taubashinki,
Mai Walda

*

Mai Walda,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Ka riƙa wanke idanun nan da ruwa mai tsabta, ka daina yi wa ciwo dariya.

Sakamako ya fito. Sinadarai ita ce a sama, lissafi kuwa da ƙyar ta tsallake. Na je na sami malamin shawara. Mutumin kirki ne, amma irin waɗanda ba sa cewa e ko a'a. Ya ce makinta ya isa ta shiga kimiyya, sai dai in lissafin ya kayar da ita a jarrabawar ƙarshe, za ta fita ba ta da wannan ba ta da wancan. A kasuwanci kuwa ya tabbata za ta fita da sakamako mai kyau. Na fito ofishinsa kaina ya fi ɗaukar zafi.

Ka ce in rage wuta, ban rage ba. Jiya ina guga tana zaune da littafin lissafi, ta goge amsa ɗaya har takardar ta huje. Na ce, "Ke wai dole ne? Kashe kanki za ki yi a kan abin da ba naki ba?" Ta ce, "Gwaggo, wa ya ce ba nawa ba ne?" Na ce takardar da ke hannunta ce ta faɗa. Ta tashi ta shige ɗaki, ranar ko ruwa ba ta sha a gabana ba.

Na san bakina ya yi kaifi. Tsoro nake ji. Na ga yaran unguwa da suka ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu, suna zaune a ƙofar gida yanzu, ko gaisuwa ba sa son amsawa. Ba na so in ga Kwalba a cikinsu. Kullum sai mun yi, da safe mu yi, da yamma mu yi, kuma ba zan fasa ba sai ta ji.

Gwaggon Kwalba

*

Mai Walda,

Gaisuwa a gurguje, lafiya muke. Ban ji daga gare ka ba, na san hanya ce.

Makaranta ta sa ranar rufe zaɓi, kuma ta matso. Ni da 'yarka mun gaji da juna, mun yi yarjejeniya. Ta ce ba za ta bi maganata ba, ni ma ba zan bi tata ba, duk abin da Baba ya ce shi ke nan. Ta faɗa tana murmushi, don ta tabbata kana bayanta.

Saboda haka ka yanke mana, a taƙaice, ba labarin injiniya ba. Kimiyyar nan, a riƙe ta ko a bar ta?

Gwaggon Kwalba

*

Zuwa ga Gwaggon Kwalba,

Sallama. Ni ne direban tifa, abokin ɗakin Mai Walda. Ya ɗan ji ciwo a wajen aiki, ya ce in rubuta masa. Yana samun sauƙi, ya ce kada ki tayar da hankalin yarinya. Wasiƙarki ta zo. Maganar Kwalba da kimiyya, ya ce a bar ta. Mota za ta tashi.

Direba, a madadin Mai Walda

*

Taubashina,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Wane irin ciwo ne da zai hana ka riƙe biro? Hannu ne? Wannan abokin naka kuma da kuɗi ake sayar masa da kalmomi? Ka sa ya rubuto mini bayani kamar mutum. Na gaya wa Kwalba ƙuna ce kaɗan a hannu, don ban san abin da zan ce ba.

An yi yadda ka ce. Wasiƙar ta iso ana saura kwana kaɗan a rufe. Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta na ji sanyi a raina, na ce ashe taubashina yana da hankali. Na miƙa mata ina jiran rigima. Ta karanta, ta juya bayan takardar ko akwai ƙari, babu. Ta ce, "Baba ne ya ce?" Na ce ga shi kina gani. Ta ce, "To."

Shi ke nan abin da ta ce. Washegari muka je ta zaɓi kasuwanci da hannunta. Malamar sinadarai ta biyo mu har bakin ƙofar makaranta tana tambaya ko lafiya, Kwalba ta ce mata, "Babana ya ga ba zan iya ba." Na ce ba haka ka ce ba. Ta ce, "Me ya ce to, Gwaggo?"

Na yi nasara, Mai Walda, kuma ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Tana cin abinci yanzu, tana barci, ta bar mini teburina fes. Sabon zango ya fara, malamanta na kasuwanci suna yabonta. Amma gidan ya mutu. Yarinyar da ke cika mini kunne da dalilin da ya sa bilic ke cinye launin yadi, yanzu sai "sannu Gwaggo" da "sai da safe Gwaggo". Kwalaben nan nata da ta zo da su tun tana ƙarama, da suke jere a tagar ɗakinta, ta zubar da ruwan ta kai su bayan shago inda muke tara shara.

Farar rigar kuma ta ce in sa mata maɓallai in ba 'yar maƙwabtanmu da ta shiga kimiyya. Na sa, na bayar. Duk ranar gwaje-gwaje yarinyar tana wucewa ta ƙofar shago da rigar a hannu. Hannun rigar ya yi mata tsawo, don a jikin Kwalba na auna. In Kwalba ta hango ta sai ta sunkuya tana neman allura a ƙasa.

Na ce ta rubuto maka, ta ce ba ta da labari. Ba fushi take yi da kai ba, da fushi ne da na ji sauƙi. Ta yarda da kai ne. Ni na faɗa mata sau ba adadi ba ta ji ba, kai ka faɗa a layi ɗaya ta gaskata.

Ka rubuto mata da kanka in hannun ya warke. Ka gaya mata dalilinka, ko zuciyarta ta sauka.

Gwaggon Kwalba

*

'Yar'uwata,

Wa alaikumus salam. Daga asibiti nake, ma'aikaciyar jinya ce ke rubuta mini, na kuma roƙe ta kada ta rage ko kalma ɗaya.

Wasiƙunki biyu sun iso tare, mai tambaya da mai cewa an yi yadda na ce. Direba ya kawo mini su nan, ya karanta mini ɗaya bayan ɗaya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar da na sa ya rubuta miki, tambayarki ba ta iso ba, tana can inda hanya ta yanke. Wadda ke hannuna ita ce ta faɗanku, wadda kika ce ba za ki fasa ba sai ta ji. Ita na amsa.

Cewa na yi a bar yarinya. Ki ƙyale ta ta ɗauki abin da take so, in ta faɗi ta faɗi a kan abin da ta zaɓa, mu ɗaga ta. Na yi magana mai tsawo, na ce a gaya mata labarin injiniya, na ce wutar kore tana jiran amsarta. Mota na shirin tashi, mutumin nan kuma ko gaisuwa a guntule yake yi, sai ya dunƙule duka ya ce a bar ta. Ya karanta mini kafin ya liƙe, na ce daidai ne. A kunnena babu wata "ta" a duniya sai 'yata. Yana nan zaune a bakin gado yana kuka, babban mutum da furfura. Ba laifinsa ba ne, ba kuma naki ba ne.

Yanzu maganar ciwo, tunda kin tambaya. Ba hannu ba ne. Tiyon gas ne ya fashe ina sunkuye a kansa, na ɗaga gilashi ke nan don in duba ɗinkin ƙarfe. Fuska ta warke. Idanun ne. An yi aiki, an cire bandeji, likita ya kunna fitila a gabana ya tambaye ni me nake gani. Na ce ya kunna tukuna. Daga shirun da ya yi na gane. Kamfani zai sallame ni, za su sa ni a mota zuwa gida in likita ya yarda.

Wallahi ban yi kukan idanu ba kamar yadda na yi kukan "Babana ya ga ba zan iya ba". Ni da nake ganin ta a cikin kowace hular kwano.

Ki tashi yau ki je makarantar. Ki roƙe su, ki nuna musu wannan takarda, ki yi musu faɗan nan naki da Allah ya hore miki, yau ga ranarsa. Ki karɓo rigar. Ki duba bayan shago ko ba a kwashe kwalaben ba. Maganar idanu kuma ki ɓoye mata har sai ta koma ajinta.

Ɗan'uwanki,
Baban Kwalba

*

Ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka haƙurin da ya fi ciwon. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin shago, sai ga ni zaune a ƙasa ban san sanda na zauna ba. Lafiyarmu ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Na je makarantar a ranar. Na yi roƙo, na yi faɗa, na yi kuka a gaban mutane, ni da ko a makoki ba a cika ganin hawayena ba. Malamar sinadarai ta tsaya mini har gaban shugaban makaranta. Ya saurare mu da mutunci. Ya ce zango ya yi nisa, an riga an tura sunayen 'yan kimiyya wajen masu shirya jarrabawa, gwaje-gwajen da aka yi tun farko kuma suna cikin makin ƙarshe, ba a rama su. Hanya ɗaya ta rage: ta ƙarasa shekarar nan, in sabuwa ta kama ta maimaita aji ta shiga kimiyya daga farko. Ya ce zai ajiye mata gurbi. Na fito da murnata, na ce shekara ɗaya ai ba komai ba ce.

Ka ce in ɓoye mata maganar idanu. Ban iya ba. Na fara karanta mata wasiƙar ina tsallake wurin, ta ce, "Gwaggo, ba ni. An taɓa taƙaita mini maganar Baba, ba za a sake ba." Na ba ta.

Da ta kai inda ka ce babu wata "ta" a kunnenka sai ita, ta rufe fuska da takardar tana kuka. Na ce alhamdulillahi, 'yata ta dawo. Sai ta ci gaba da karantawa. Ta ɗago ta ce, "Duka biyun?" Na ce duka biyun.

Da safe ta same ni ina yanka. Ta ce ba za ta maimaita aji ba. Ta ce in ta tsaya a kasuwanci za ta gama da wuri, za ta iya samun aikin akawu da rana ta nemi karatun yamma, tana kwana a gida. In kuwa ta koma kimiyya, ga ƙarin shekara, ga karatun jami'a mai tsawo a wani gari, wa zai riƙe hannunka, wa zai karanta maka takardar magani? Na ce ni mece ce a gidan? Sai ta dubi gwiwata.

Ni da na yi watanni ina tura ta kasuwanci, sai ga ni ina roƙon ta da Allah ta koma kimiyya. Na ce keken nan zai riƙe mu mu uku. Na ce ubanta zai fi son ya yi ta laluben bango da ya ji ta saki abin da take so saboda shi. Na ɗaga murya har masu wucewa suna leƙowa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Gwaggo, me Baba ya ce?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "Ya ce a bar ni in ɗauki abin da nake so. Wancan karon an zaɓa mini bisa kuskure. Wannan ni na zaɓa."

Na ce, "Kuma shi kike so?" Ta ce, "Babana nake so."

Bakina ya mutu, Mai Walda. Ka san ba ƙaramin abu ke kashe shi ba.

Rigar ban karɓo ba, ta hana ni, ta ce yarinyar ba ta yi laifin komai ba. Kwalaben kuwa masu shara sun riga ni. Guda ɗaya na samu ta gangara ƙarƙashin tankin ruwa, ƙarama, mai launin ruwan ƙasa. Na wanke ta na ajiye a aljihun keke tare da zare, ban nuna mata ba.

Ta gyara maka ɗakin ƙasa don kada ka sha wahalar matakala. Ta kwashe duk abin da ƙafa za ta iya tuntuɓe da shi, har tana rufe ido tana zagaya ɗakin don ta gwada. Gurbin yana nan har sabuwar shekara. Kai kaɗai take ji. In ka ce ta koma, wataƙila ta koma. Ni dai na kasa, kuma raina a ɓace yake da ni da kai da direba da hanyar dutse.

'Yar'uwarka,
Gwaggon Kwalba

*

'Yar'uwata,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, na fara zuwa bakin ƙofa ni kaɗai. Likita ya yarda in taho ƙarshen mako, direba zai rako ni.

Na sa an maimaita mini wasiƙarki har mai karatun ta gaji. Na kwana biyu ina shirya umarnin da zan aiko, cewa ta koma kimiyya ko ta ɓata mini rai. Na san za ta bi. Shi ne abin da ya hana ni. Sau ɗaya ta bi maganata ba tare da ta tambayi dalili ba, kin ga inda ya kai mu. Na ce a bar ta lokacin da nake zaton abin da nake so za ta ɗauka. Ba zan janye ba don ta ɗauki abin da ke karya mini zuciya.

Amma ba zan yi mata ƙarya in ce na ji daɗi ba. Zan zauna kusa da ita in gaya mata da bakina, dalla-dalla, babu mai taƙaitawa, cewa za ta iya, tun ranar wutar kore na san za ta iya. Zan koyi zagaya gidan nan da shan magani ba tare da hannun kowa ba, tana kallo, daga nan har ranar da gurbin zai rufe. In ta ga haka ta sauya, to. In ba ta sauya ba, 'yata ce, kuma bakina ne ya faɗa.

Kwalbar da kika tsinta ki bar ta inda take. Kwalbar nake nufi, kada a sake samun matsala.

Ki ce mata ta zo tashar mota da kanta. Mutane za su yi yawa, kuma an ce fuskata ta ɗan sauya, kada ta tsorata. In ta hango ni kada ta tsaya tana kallona shiru yadda ta saba in abu ya yi mata nauyi. Ta yi magana tun daga nesa, ta ce Baba, don in san ta ina zan juya.

Ɗan'uwanki,
Baban Kwalba